Gudummawa Mai Gudu: Kwana Uku Tare da Mahaya Babura a Ingila

Shekara goma sha ɗaya na yi ban hau babur ba. Ban yi rantsuwa a kan haka ba, ban kuma taɓa gaya wa kowa dalili ba. Idan mota ta yi wuya sai in taka da ƙafa, abokan aiki su riƙa cewa ai Malam motsa jiki yake yi. Dalilin kuwa shi ne ƙanena, autan mahaifiyarmu, wanda yake yin acaɓa lokacin hutun makaranta domin ya tara kuɗin rajista. Wata ranar Laraba da la'asar sakaliya mota ta kwashe shi a kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa. Waɗanda suka fara isa gare shi sun ce yana magana, har shi ne ya karanta musu lambar wayata, ya ce a kira Yaya. An daɗe kafin a sami a-kori-kurar da ta yarda ta ɗauke shi. Asibitin farko da aka kai shi babu likita a lokacin, na biyu kuma babu jini. Tsakanin faɗuwarsa da cikawarsa awa huɗu ne da 'yan mintoci.

Na san kwana ne ya ƙare, ban taɓa jayayya da wannan ba. Sai dai yarda da ajali bai hana zuciya lissafi ba. Na sha raba awoyin nan huɗu gida-gida a cikin dare: wannan na neman mota ne, wannan na hanya ne, wannan na jiran likita ne. Da wannan lissafi a raina na tafi Ingila hutun bincike, inda na yi wata tara a birnin Birmingham ina karanta takardun 'yan mishan na CMS da ke ajiye a ɗakin karatu na Cadbury a jami'ar garin, musamman abin da ya shafi Likita Walter Miller da zamansa a Zariya. Abin da zan ba da labarinsa a nan ba a ɗakin karatu ya faru ba. A wata gona ya faru, a gundumar Shropshire, cikin watan Yuni.

Maƙwabcina

A unguwar Small Heath na sami ɗaki. Unguwa ce ta Musulmi a yanzu, cike da masallatai da shagunan 'yan Pakistan da Somaliyawa, amma a da ita ce mazaunin masana'antar BSA, wadda a shekarun 1950 babu kamfanin da ya kai ta ƙera babura a duniya, kafin ta durƙushe a farkon shekarun 1970. Maƙwabcina yana cikin tsirarun Turawan da suka rage a layin. Mahaifinsa a BSA ya yi aiki, shi kuma bakaniken motocin bas ne da ya yi ritaya. Dogon mutum ne mai ƙiba, da farin gemu har ƙirji, da jarfa tun daga wuyan hannu zuwa kafaɗa. Kullum yana cikin baƙar rigar fata mai ɗauke da tambarin ƙungiyarsu a baya. Kowace safiyar Lahadi sai ya fito da wani ƙaton babur ƙirar Triumph ya tayar, gilashin tagata ya ɗauki rawa.

Na yi wata biyu ina kauce masa. Ba ni kaɗai na taɓa yi wa irinsa wannan kallo ba, domin mutanen ƙasarsa ma sun daɗe suna yi. A shekarar 1964 faɗan da aka yi tsakanin samari masu babura da abokan hamayyarsu a garuruwan bakin teku na Clacton da Margate da Brighton ya cika jaridu, har masanin zamantakewa Stanley Cohen ya rubuta littafi a 1972 yana nuna yadda jaridu suka kambama lamarin suka mayar da yaran dodanni. Tun kafin wannan, a 1962, wani limamin coci mai suna Bill Shergold ya hau nasa babur ya je ya same su a matattararsu ta Ace Cafe da ke Landan, ya jawo su cikin ƙungiyar matasa ta cocinsa. Duk da haka sunan bai gama wankuwa ba har yau.

Famfon ɗakina ne ya haɗa mu. Ya fashe da tsakar dare cikin hunturu, ruwa ya malala har ƙofar maƙwabcina, sai ga shi da sifana a hannu. Ya gyara, ya ƙi karɓar ko sisi, ya zauna ya sha shayi. Da ya ji abin da ya kawo ni ƙasarsu sai ya laƙaba mini Farfesa, na yi ta gaya masa ban kai ba, ya ce shi dai ya riga ya ba ni. Da bazara ta kama sai ya ce ƙungiyarsu za ta yi taronta na shekara, daga Juma'a zuwa Lahadi, domin tara wa jirgin ɗaukar marasa lafiya kuɗi, kuma suna neman mai riƙe bokiti. Na ce masa ba na hawa babur. Bai tambaye ni dalili ba. Ya ce, "Farfesa, bokiti ba ya bukatar babur. Matata za ta tafi da motar kaya, akwai kujera."

Jirgin da jama'a ke ciyarwa

Da farko ban gane abin da ake tara wa kuɗin ba. Na san Birtaniya tana da hukumar kiwon lafiya ta ƙasa, wato NHS, wadda tun 1948 take duba kowa ba tare da ya biya a bakin ƙofa ba. Na ɗauka jirgi mai saukar ungulu da ke ɗaukar wanda ya yi haɗari shi ma nata ne. Ashe ba haka ba ne. A Ingila da Wales ƙungiyoyin agaji ne suke mallakar jiragen ko su yi hayarsu, su sayi mai, su biya matuƙa, da kuɗin da jama'a suka bayar. A Scotland ce gwamnati take ɗaukar nauyin nata jiragen, can ma akwai na agaji da ke tallafawa. Jirgi na farko ya fara aiki a Cornwall a 1987, na Landan ya biyo baya a 1989, na Wales a 2001, yanzu kuma ƙungiyoyin sun kai kimanin ashirin a faɗin ƙasar. Jamus ta riga su, domin tun 1970 ta fara nata a Munich. Wanda ke kula da yankin da nake, Midlands Air Ambulance, an kafa shi a 1991, yana da jajayen jirage uku da ke tashi daga Cosford da Strensham da Tatenhill, suna kula da gundumomi shida.

Abu na biyu da na fahimta ya fi na farko taɓa ni. Na ɗauka amfanin jirgin shi ne ya kai majiyyaci asibiti da sauri. Wannan rabin aikin ne. Babban aikinsa shi ne ya kai asibitin wurin majiyyaci. Yana sauka da likita ko ƙwararren ma'aikacin gaggawa waɗanda za su iya yi wa mutum allurar barci a gefen titi, su saka masa bututun numfashi, su tsayar da jini, su yi masa ƙarin jini tun kafin a ɗaga shi. Na Landan ya fara yawo da jini a cikinsa tun 2012, likitocinsa kuma sun yi suna wajen buɗe ƙirjin wanda aka soka a nan inda ya faɗi. Bayan haka sai jirgin ya tsallake ƙananan asibitocin da ke kusa ya nufi babbar cibiyar kula da munanan raunuka, irin tsarin da Ingila ta shimfiɗa a 2012. Wani likitan tiyata na Baltimore a Amurka, R Adams Cowley, shi ya yayata ra'ayin cewa sa'ar farko bayan rauni ita ce mai tsada. Likitoci suna gardama a kan ko minti sittin ɗin daidai yake, amma babu mai gardama a kan cewa jinin da ke zuba ba ya jira.

Me ya haɗa mahaya babura da wannan jirgi? Alƙaluman gwamnatin ƙasar suna nuna cewa babura kusan ɗaya ne cikin ɗari na zirga-zirgar tituna, amma mahayansu kusan ɗaya ne cikin biyar na waɗanda ke mutuwa a kan hanya. Sun kuma fi son hanyoyin karkara masu lanƙwasa, nesa da asibiti. Saboda haka suka zama cikin manyan masu tara wa jiragen kuɗi. Akwai gagarumin jerin gwano mai suna Bike4Life wanda dubban babura suka yi shekaru suna yi daga Shrewsbury zuwa Cosford. A ƙarƙashin irin wannan kuma akwai ƙananan taruka barkatai na ƙungiyoyin unguwa da ƙauye, waɗanda jarida ba ta zuwa. Namu yana cikin waɗannan.

Daren Juma'a

Mun isa gonar da yamma, ni da matar maƙwabcina, motar cike da tantuna da tukunyar gas da kujerun roba. Manomin ya ba da aron fili kyauta, ya kwashe tumakinsa zuwa wani shinge. Tun daga ƙofar gona ake karɓar kuɗin shiga, a ɗaura wa mutum zare a wuyan hannu. Babura suna ta shigowa bibbiyu, uku-uku, kowane da tanti a ɗaure a baya, kowane mahayi kuma da ɗan katako ko murfin gwangwani da zai sa a ƙarƙashin jakin babur don kada ya nutse a ciyawa. Da suka cire hulunan kwano sai na ga furfura ta fi baƙin gashi yawa. Akwai direbobin manyan motoci, da malamar firamare, da mai gyaran wuta, da ma'aikaciyar jinya, da wani tsoho da ya haura saba'in wanda ya zo da jikarsa a goye.

Na lura da tafiyarsu. Mutum nawa ne a cikinsu suke ɗingishi, nawa ne kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Wani ya rasa ƙafa daga gwiwa, an gyara masa babur mai ƙafa uku. A bakin wuta da dare sai hira ta koma kan karaya, ana yi ana dariya, kamar yadda tsofaffin mafarauta suke nuna wa juna tabo. Maƙwabcina ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna mini inda aka sa masa ƙarfe. Ya ce wata mota ce ta fito masa daga kwana, abin da ya iya tunawa kawai shi ne iskar farfelar jirgi tana kwantar da ciyawa a gefen fuskarsa.

Akwai tantin giya, kuma shi ya fi kowane cika. Akwai makaɗa a kan tirelar tarakta suna kaɗa jita har tsakar dare. Na ji baƙunta sosai. Rana ba ta faɗi ba sai bayan ƙarfe tara da rabi, na yi alwala da ruwan jarka a bayan motar kaya, na shimfiɗa darduma tsakanin tantuna biyu. Ina cikin salla na ji wani yana shirin tayar da babur kusa da ni, wata murya ta ce masa ya dakata, mutum yana addu'a. Da na sallame sai na tarar matar maƙwabcina ta ajiye mini dankali da wake da ƙwai da ta soya a kasko daban, ta ce ta wanke shi sau biyu, naman alade bai taɓa shi ba.

Asabar

Da hantsi aka yi jerin gwano. Babura sama da ɗari suka fita a layi bibbiyu, wasu mahaya sanye da riguna masu ƙyalli suna gaba suna tsare mahaɗar hanyoyi. Mu masu bokiti aka riga aka kai mu garin Bridgnorth, a bakin kogin Severn, aka tsayar da mu a babban titin kasuwa. Tara kuɗi a titi a ƙasar sai da izinin ƙaramar hukuma, bokitin kuma a rufe yake da hatimi, sai 'yar kafa ta jefa kuɗi. An gargaɗe mu kada mu tare wa kowa hanya. Na tsaya da hulata ta Zanna da bokiti mai hoton jan jirgi, ina jin kunya irin ta wanda bai taɓa roƙo ba.

Kunyar ba ta daɗe ba. Mutane ba sa kallona, hoton jirgin suke kallo. Kusan duk wanda ya jefa wani abu sai ya faɗi dalili ba tare da an tambaye shi ba. Wata tsohuwa ta ce mijinta ya faɗo daga kan tarakta. Wani ya ce doki ya kayar da 'yarsa. Wani saurayi ya jefa takardar fam ashirin bai ce komai ba, ya wuce da sauri. Da baburan suka shigo gari, ƙasa tana girgiza, yara suna ɗaga hannu, sai na ji ƙirjina ya ɗaure. Na tuna ranar jana'izar ƙanena, yadda 'yan acaɓan tasharsu suka zo a jere da fitilu a kunne da rana tsaka, shugabansu ya durƙusa gaban mahaifiyarmu ya ajiye kuɗi a cikin baƙar leda, ya ce, "Inna, ga wannan, babu yawa." Ƙarar iri ɗaya ce, ko da yake waɗannan injuna sun ninka nasu girma sau goma.

Da muka koma gona bayan azahar, wani ma'aikacin kashe gobara ya tara mu ya koyar da abin da ake yi idan mahayi ya faɗi. Akwai darasi na kyauta mai suna Biker Down da hukumar kashe gobara ta Kent ta fara, ya bazu a ƙasar. Taƙaitaccensa ya yi mana. Ka fara tsare wurin kada wata mota ta ƙara yin ɓarna. Kada ka ja mutum sai in barinsa a wurin ya fi haɗari. Kada ka cire masa hular kwano sai in numfashinsa ya tsaya ko yana shaƙewa, in kuwa dole ne, mutum biyu ne za su yi, ɗaya ya riƙe wuya. Inda jini yake zuba ka danne da ƙarfi, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa. Aka ce in gwada a kan maƙwabcina. Ina riƙe da wuyansa, gemunsa yana sukar hannuna, sai na tuna an gaya mini cewa mutum huɗu ne suka ɗauki ƙanena, biyu a hannuwa biyu a ƙafafu, suka ɗora shi a kan buhunan masara. Alheri suka yi nufi, kuma babu wanda ya taɓa nuna musu wata hanya.

An sanar tun da safe cewa jirgin zai sauka a gonar da ƙarfe huɗu idan ba shi da aiki, yara su gan shi. An share fili, an kewaye da igiya. Wajen huɗu saura muka ji ƙararsa, muka hango jan ɗigo yana tahowa daga gabas. Sai ya karkata, ya nufi kudu, ya ɓace a bayan tudu. An kira shi. Babu wanda ya yi gunaguni. Filin ya yi tsit, na ga mutane suna waige-waige suna ƙirga abokansu, wasu suka ciro waya suna kiran waɗanda ba su dawo daga gari ba. Sai da aka tabbatar kowa yana nan sannan makaɗa suka ci gaba. Wani a kusa da ni ya ce, "Yau na wasu ne."

Da yamma aka yi gwanjon kayan da mutane suka bayar, aka kuma sayar da tikitin ƙuri'a, wato ka sayi lamba, in an zaro taka ka ci kyauta. Ma'ajin ƙungiyar, wata mata mai kimanin shekara sittin wadda ba ta hawa babur, ta miƙo mini littafin tikiti. Na ce mata addinina bai yarda mini da wannan ba. Ta ce, "To sa a bokiti, ɗan nan, jirgi ba ya tambayar ta inda kuɗi ya shigo." Na sa, amma maganarta ta tsaya mini. Kaso mai yawa na kuɗin waɗannan jirage daga irin wannan ƙuri'a yake fitowa, tare da wasiyyar mamata da shagunan kayan gwanjo, kuma na ga da idona abin da tantin giya ya tara. Da ni ne kwance a gefen titi, da wannan man jirgin zai zo mini. Ban warware wannan a raina ba, na bar wa malaman fiƙihu.

Na zauna ina taya ta jera tsabar kuɗi, sai na tambaye ta yadda ta zama ma'ajin mahaya ita da ba ta hawa. Ta ce ɗanta ne ɗan ƙungiyar. Yana da shekara ashirin da huɗu ya yi haɗari, jirgin ya ɗauke shi, ya yi kwana biyu a asibiti ya rasu. Na rasa abin cewa, sai na tambaye ta abin da bai kamata ba: to me ya sa take tara wa jirgin da bai ceci ɗanta ba? Ta ci gaba da jera kuɗin. Ta ce, "Sun ba ni kwana biyu. Na riƙe hannunsa da ɗuminsa. 'Yar'uwarsa ta samu ta iso." A nan na ba ta labarin autanmu, karo na farko da na ba wani labarin daga farko har ƙarshe. Na gaya mata na iso asibiti bayan an rufe shi da zane da minti ashirin.

Wace kalma ce?

Mai nazarin harshe ba ya rabuwa da halinsa. Cikin dare a tanti na riƙa neman kalmar Hausa da za ta ɗauki abin da na gani. Sadaka ce ta fara zuwa, amma ba ta zauna ba. Mai sadaka yana ba wanda ba shi da shi, kuma ba ya sa ran ya zama mai karɓa. Waɗannan kuwa sun san cewa su ne aka fi ɗauka a jirgin. Gemun ɗan'uwansu ne ya kama wuta suke shafa wa nasu ruwa.

Na gwada gayya. Akwai kama: an taru, an yi aiki, an ci, an yi kiɗa. Amma gayya tana da mai gona sananne, ana gama noma kowa ya ga kunyar da ya yi. A nan babu wanda ya san mai gonar. Na gwada adashi, sai na ga a adashi kowa yana ɗokin ranar ɗaukarsa, a nan kuwa kowa addu'a yake kada kwasarsa ta zo. Na gwada biki, a ma'anarsa da mata suka fi sani, wato abin da mace take kai wa ƙawarta ranar sha'ani, ita ma a rama mata da ƙari ranar nata, kamar yadda ya fito a labarin Baba ta Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954. Wannan ya dace da maƙwabcina mai ƙarfe a ƙafa, domin shi biki yake ramawa. Bai dace da ma'aji ba. Ita an riga an yi mata iyakar abin da za a yi, ba ta da wani ɗa a kan babur.

Kalmar da ta rage ita ce gudummawa. Yau mun mayar da ita ambulan da ake miƙawa a wurin ɗaurin aure ko zaman makoki, amma a tsohuwar Hausa ana faɗinta ga mayaƙan da suka kawo ɗauki a fagen fama. Kunnena yana jin gudu a cikinta, ko da masana asalin kalmomi za su yi mini gardama. Taimako ne wanda darajarsa take cikin lokacin isowarsa. Wanda ya iso bayan an tashi daga yaƙi, komai yawan dawakinsa, gaisuwa ya zo yi. 'Yan tashar ƙanena sun kawo gudummawa a ma'anarta ta yau, da zuciya ɗaya, daga aljihun da ba shi da komai. Mutanen gonar nan suna tara ta a ma'anarta ta da. Mintoci suke saye, su ajiye wa wanda ba su sani ba.

Ba na so in ƙawata abin fiye da kima. Su kansu suna ƙorafi. Maƙwabcina ya ce abin kunya ne ƙasa mai arziki irin tasu ta bar ran mutum a hannun masu bokiti, wasu kuma suka ce gara haka, domin abin da ba na gwamnati ba ne gwamnati ba za ta iya yanke masa kasafi ba. Haka kuma jirgin ba shi kaɗai yake aiki ba. A bayansa akwai lambar waya ɗaya da kowa ya sani, da mai amsa ta, da bankin jini, da ɗakin tiyata da ke buɗe dare da rana. Jirgin da zai sauke mutum a asibitin da babu jini ya dai rage masa wahalar hanya ne kawai.

Lahadi

Da safe aka fasa hatimin bokitai a gaban shaidu biyu, aka ƙirga a kan teburin roba. Da ma'aji ta karanta jimilla aka yi tafi da bushe-bushen ƙaho. Ni kuwa na yi lissafi a zuci. Tashi ɗaya na jirgin yana cin dubban fam. Aron gona, da watannin shiri, da kwana biyu a cikin raɓa, duka ba su wuce kuɗin tashi biyu ko uku ba. Na faɗa wa ma'aji haka. Ta ce ta sani, ai ita ke riƙe da littafin. Ta ce mutum biyu ko uku ne, kuma kowannensu yana da uwa.

Aka naɗe tantuna, aka bi fili ana tsince shara har da guntun sigari, saboda tumakin manomi. Ina shirin shiga motar kaya sai maƙwabcina ya zo da hular kwano ta biyu da rigar fatar matarsa. Ashe ma'aji ta gaya masa. Ya ce, "Farfesa, ba dole. In ka ce tsaya, zan tsaya." Na daɗe ina kallon hular. Na cire tawa na sa a aljihu, na yi addu'ar hawa abin hawa, na hau. Bai wuce gudun keke ba har muka fita daga hanyar gona. Na riƙe rigarsa da hannu biyu kamar yaro, idona a rufe. Wajen Bridgnorth na buɗe su, na ga kogin a ƙasa.

Bayan na dawo gida da wata guda na je tsohuwar tashar ƙanena. Shugaban da ya durƙusa gaban Inna ya tsufa, yanzu Keke Napep yake ja, amma littafin ƙungiya yana hannunsa. Ya buɗe mini shafukan da suke rubuta abin da aka tara idan ɗansu ya rasu, ya nuna mini sunan autanmu da abin da kowa ya bayar, daga mai naira hamsin zuwa mai ɗari biyu. Na yi masa bayanin danne jini da riƙe wuya, na nuna masa a kan wani yaro da ke wurin, mahaya suka kewaye mu suna kallo. Sannan na tambaye shi ko za a iya buɗe wani shafi a littafin, na kuɗin man mota da bandeji da lambobin waɗanda suka yarda su ba da jini, a riƙa tarawa tun kowa yana kan ƙafarsa. Ya juya littafin ta baya, inda takardu suke farare, ya lissafa su da yatsa.

Ya ce, "Malam, akwai wuri. Wa zai fara?"

Na ciro abin da ke aljihuna.